Tukwanen Ƙare-Dangi a Bayan Rumbu

Wata dattijuwa ce ta buga wa surukinta wannan misalin, ranar da ta tarar da shi gaban rediyo yana ta ƙyalƙyala dariya, wai manyan ƙasashe ba su da hankali, kowacce sai tara makamin ƙare-dangi take yi don tsoron 'yar'uwarta.

Ta ce akwai wani mai shirya fim ɗin barkwanci a wani gari, shi ma abin nan ya tsaya masa a rai, har ya ce sai ya yi fim ya yi wa masu bam ɗin nan tsiya. Labarin wasu sarakuna biyu ne maƙwabta, kowa da tukunyarsa wadda in aka jefa mata garwashi duniya ta tashi, kuma kullum kowa ƙara wa tasa yake yi don ya ji an ce ɗayan ya ƙara. Sai ya roƙi goggonsa ta bar shi ya ɗauki fim ɗin a bayan gidansu, wajen rumbuna, don shi a idonsa jinkar nan mai tsini sak roka ce mai ɗauke da bam. Rumbunan kuwa cike suke maƙil, an gama girbi ke nan, abincin gidan ne kaf har wata kaka. Goggo ta yi ta jan ƙafa. Ya rantse mata ba komai a tukwanen sai toka da ɗan ƙaiƙayi, hayaƙi kawai za su yi, kuma can nesa da hatsi zai ajiye su. Sarakunan a cikin dangi ya ɗauko su, wasu taubasai biyu, mahauci da tela, waɗanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. To amma da an kunna kyamara sai su sandare, su riƙa jin nauyin juna kamar surukai. Abin ya ishi mai fim. Sai ya ja mahauci gefe ya raɗa masa wai tela na yawo da shi a kasuwa, yana cewa hayaƙin tukunyarsa ko tusar akuya ba zai kai ba. Ya zagaya wajen tela ya shirga masa irin wannan ƙaryar. Nan da nan aiki ya yi kyau. Suka dinga zare wa juna ido, masu kallo na riƙe ciki, shi kuwa yana ta yaba wa kansa wayo.

Abin da bai sani ba, akwai gorar albarushi ta kakansu maharbi a rataye a ɗakin shirgi, kuma a wasan taubasai ba a yarda a ji kunya. Mahauci ya saɗaɗa ya ɗebi ɗan kaɗan ya binne a ƙarƙashin tokarsa, don dai hayaƙinsa ya ɗan fi tashi. Tela ya zo da irin wannan niyyar, ya ɗaga gora ya ji ta rage nauyi, ya gane an riga shi, sai ya ɗebi ninki. Mahauci ya dawo, shi ma ya ji nauyi ya sake raguwa. Haka suka yi ta yi har gora ta koma wayam, alhali kullum suna tsaye gaban kyamara suna faɗin maganganun da aka tsara don a yi wa masu wannan halin dariya.

Ranar fitowar ƙarshe dangi duk suka hallara, har da Goggo a kan tabarmarta. Mai fim ya ɗaga hannu ya ce a jefa garwashi. Wallahi bai ma ji ƙarar ba, kunnensa ne kawai ya ɗauke. Da ya ɗago daga ƙasa sai ya ga ƙaiƙayi mai wuta yana sauka kan jinka kamar fari sun faɗa gona, rumbu na kama rumbu. Mata na jan yara, maza na gudu da bokiti, sarakuna biyu na birgima, gemun auduga na ci a haɓarsu. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, amma kafin la'asar babu ko zangarniya ɗaya, sai ƙaurin gero da ya cika gari.

Goggo ba ta yi kuka ba. Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, me ka ce sunan makamin nan?"

Ya ce, "Ƙare-dangi, Goggo."

Ta ce, "To. Yunwa za ta ƙarasa."

Kyamara kuwa ba wanda ya tuna ya kashe ta. Da aka haska fim ɗin daga baya, ba inda aka yi dariya irin wurin nan. Har wani ya dafa kafaɗar mai fim yana share hawayen dariya, yana tambayarsa wace dabara ya yi wutar ta fito kamar gaske.

Dattijuwar ta miƙa hannu ta rage muryar rediyon, ta ce wa surukin nata shi ya sa Hausawa suka ce, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.