Uwar Bos

Tunda kika ce kin cire ƙaninki daga ranki, zauna in ba ki misali.

Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa a wani ƙauye, ɗanta ya tafi birni neman abinci. Rannan yaran maƙwabta suka shigo mata da waya suna tsalle, wai ga ɗanta a fim. Ta kanne ido ɗaya ta duba. Sai ga wani ƙato da fuskar ƙarfe da jar alkyabba a kan dogon bene, ya ƙera injin da zai zuƙe ruwan saman ƙasar kaf ya kulle a tanki, sai wanda ya durƙusa masa zai samu ko da cokali guda. Yana ɗaga hannu sama yana ruri: “Hohoho! Daga yau hadari ma sai da izinina!” Fuskar a rufe take, amma da ya juya ta ga yadda yake jefa ƙafar hagu, tafiyar ubansa sak. Ta ajiye wayar kamar ta taɓa garwashi. Yaran suka yi ta bayani cewa wasa ne, shi ne bos, wato mugun fim, biyansa ma ake yi. Ta ce, “Au, har biyansa ake ya hana bayin Allah ruwa?”

Kamar da gayya, damina ta yi jinkiri a shekarar. Matan unguwa, waɗanda suka fi kowa sanin wasa ne, suka samu abin yi. In ta zo rijiya sai wata ta langaɓe kai ta marairaice: “Iya, a roƙar mana shi mana, ko yayyafi ne ya ɗan sako.” Wata kuma ta taɓe baki: “Ni dai da nawa ne, da tuni na sallama wa duniya shi.” Su yi dariyarsu su wuce, ita kuwa maganar ta zauna mata a ƙirji, ko tallan daddawar ta daina fita. Daga ƙarshe ta ɗaura ɗamara: za ta je birni ta tsaya a gabansa ta ce ba ita ba shi har abada. A cikin mota ta yi ta bitar kalmomin don kada bakinta ya yi nauyi.

Aka yi mata kwatance har inda suke ɗaukar fim. Ta iso daidai lokacin da jarumin, wani saurayi mai faffaɗan ƙirji, ya shaƙe wuyan alkyabbar ya ɗaga dunƙulallen hannu, ɗan nata yana ƙasa yana nishi, wani jan abu na dalala daga ƙarƙashin fuskar ƙarfen. Kalmomin da ta haddace suka bi iska. Ɗan fari ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Amma sai ga ta tana tsallake wayoyi da fitilu, takalmi ɗaya a ƙafa, ta faɗa kansa ta lulluɓe shi da mayafinta. Ta ɗago ta dubi jarumin ta ce, “Ɗan nan, na san abin da ya yi. Zai sako ruwan, ni zan sa shi. Amma ka sauke hannunka, ni na haife shi.”

Shi kuwa bos ya zare fuskar ƙarfen, muryar nan da ke firgita gari ta koma ta yaron da aka kama da hannu a tukunya. “Inna, zoɓo ne fa.” Ko saurarensa ba ta yi ba. Ta sa bakin mayafi tana goge masa haɓa, tana faɗa ƙasa-ƙasa: “Mugu kawai. Dubi yadda ka rame.”

To kin ji. Ita ba ta gane wasa ne ba, da laifinsa duka ta rungume shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.