Abin da Na'ura Ta Kasa

Shekara uku Suwaiba ta yi tana koyon aikin jirgin sama, har Larabci ta iya. Ranar da aka ɗauke ta aiki, mahaifiyarta ta raba waina gida-gida.

Da safe Anti Turai, shugabar ma'aikatan jirgin, ta miƙa mata wata riga mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa.

"Ni zan raba abinci, Anti?"

"Na'ura ke rabawa, ita ke rarrashin jarirai. Abu ɗaya ta kasa: in fasinja ya zage ta, ba ya hucewa. Shi ya sa aka dawo da mu."

Jirgin Jidda ya makara awa biyu. Suwaiba ta tsaya inda aka shata mata da jan fenti. Wani dattijo, sa'an babanta, ya zage ta tas, ya watsa mata shayi, sannan ya gyara zama ya kama barci.

Anti Turai ta dubi fuskarta.

"Kin yi ƙoƙari, ƙanwata. Amma gobe kada ki haɗiye kukan. Sun fi hucewa in sun ga hawaye."