Baƙuwar Ranar Kirsimeti

Muna dawowa daga coci muka tarar da su a ƙofar gida, mace ɗaya da jami'ar kula da marayu riƙe da takardar kotu. Mahaifiyar yarinyar da muka riƙa shekara biyar ce. Ta warke daga doguwar jinyarta, ta zo karɓar 'yarta.

Maigidana ya ce, “Ko zuwa gobe? Yau fa Kirsimeti.”

Jami'ar ta sunkuyar da kai. “Baba, ba daga ni ba ne.”

Ɗazun nan fasto ya gama wa'azi a kan kafintan da ya riƙi ɗan da ba nasa ba. Bai faɗa mana yadda ake miƙawa ba.

Na haɗa kayan yarinyar a jaka ina kuka. Matar ma kuka take, don haka na rasa wanda zan ji haushi.

Yarinyar ta kama hannunta, ta waiwayo a sabuwar rigarta.

“Mama, ki rufe min abincina. Bari in raka baƙuwar nan in dawo.”

Na ce, “To.”