Amfilifayar Barau da Ƙwan Zabi

Tun da aka kafa dokar hana ƙara a Gusau, kowane layi da sandarsa mai kunne, tana juyawa duk inda sauti ya ɗaga. Ran nan tsoho Barau ya ɗora amfilifayarsa, na'urar ƙara sautin kiɗa, a baro, 'yarsa Tasalla na biye da shi, suka nufi shagon Ilu mai gyaran rediyo.

Ilu ya buɗe bayanta, ya ga kwalaben gilashi a jere. Ya ce, "Baba, wannan ai ta jitar bes ce mai katon sauti, irin ta da."

"Da ita na aurar da rabin garin nan," in ji Barau.

Tasalla ta ce, "Ɗuminta muke so, Malam Ilu. Ƙwan zabi za mu riƙa ƙyanƙyashewa a ciki."

Ilu ya jona wuta, kwalaben suka yi ja. Hannun Barau bai yi shawara da shi ba, sai ya ɗora babban yatsa a bakin wayar jitar, yadda makaɗa ke gwaji kafin a fara biki. Akwatin ya yi gurnani har ƙirjinsa ya amsa. A waje, sandar ta juyo a hankali, ta tsaya tana fuskantar shagon.

Ilu ya ɗauko filaya ya datse wayar lasifikar.

Barau ya daɗe yana kallon jajayen kwalaben, sannan ya ce, "To in zabin suka girma suka fara kuka fa?"

Tasalla ta ce, "Kafin nan an yanka su, Baba."