Kainuwa a Akwatin Kifi

Zauna ki saurara, tun da na ga maganar maƙwabciyarki ta hana ki sakat. Akwai wasu masu yankan gilashi su biyu, babba da ƙarami, wurin ubangida ɗaya suka yi koyo, shagunansu kuma bango ɗaya ya raba. Aikinsu haɗa akwatin gilashin nan da ake zuba wa ruwa a saki kifi don ado. Wata hajiya mai gidan abinci ta zo ta ce tana son babba guda a bakin ƙofarta, na duwatsu da ciyawa mai rai, ba ta roba ba. Ta ce kowa ya shirya nasa, bayan salla za ta dawo ta duba, wanda ya yi mata shi zai riƙe aikin, har da na 'yan uwanta. Ƙaramin ya tafi gindin dutse ya tsinto baƙaƙen duwatsu, ya wanke su tas, ya kafa babban dutsen a karkace, sauran suka jingina da shi. Da ya zo kan ciyawa sai ya yi rowa. Iri biyu kawai ya zaɓa: wata gajeruwa da ke bin yashi tana shimfiɗuwa kamar tabarma, da wata mai taurin ganye wadda ba a binne saiwarta, ɗaure ta ake yi a jikin dutse da zare har ta kama da kanta. Ya ce dutse ne mai gida, ciyawa baƙuwa ce, bai kamata ta rufe masa fuska ba. Babban ya leƙo ya yi dariya, ya ce, “Ƙane, gonar wa ta ƙone ka kwaso saura?” Shi kuwa ya cika nasa da bado da duk wani ganye mai faɗi da ya gani a kududdufi, har da furen lambu da bai taɓa zama a ruwa ba. Da farko nasa ake tsayawa kallo. Da kwana ya ja, furen lambun ya ruɓe, badon ya rufe duwatsun, masu wucewa suka koma ƙofar ƙaramin. Babban yana zaune yana jin ana yaba aikin wanda shi ya fara nuna wa yadda ake riƙe abin yanka. Abinci ya daina yi masa daɗi. Ruwan akwatinsa ya yi duhu bai sauya ba, domin idonsa kullum yana shagon maƙwabci.

Abin da bai sani ba, ƙaramin ma yana cikin damuwa. Ranar la'asar tana dukan shagonsa kai tsaye, gansakuka ta fara lulluɓe duwatsun, tana shaƙe gajeruwar ciyawar. Ya kankare, ta dawo. Ya sauya ruwa, ta dawo. Daga nesa akwatin kore shar, shi kaɗai ya san kore ne na cuta, kuma salla ta matso. Ana haka aka aiko masa an yi rasuwa a garinsu, ya bar wa babban makullin shago, ya ce, “Yaya, ga amana, kifin nan a riƙa ba su abinci.” Ranar da ya tafi, babban ya ɗebo kainuwa cike da hannu biyu daga kududdufi ya zuba a akwatin ƙanen. Lissafinsa shi ne kainuwa yaɗo gare ta, za ta rufe saman ruwa, haske ya yanke, ciyawar ƙasa ta mutu a duhu kafin mai ita ya dawo. Kainuwa kuwa ta yi abin da Allah ya halicce ta ta yi. Ta tare zafin ranar nan, saiwarta ta tsotse dattin da gansakuka ke ci, gansakuka ta rasa abinci ta bushe ta kakkaɓe. Ciyawar da aka ɗaure a dutse dama inuwa take so, sai ta fitar da sabon ganye. Da ƙaramin ya dawo ya tarar da ruwa garau, duwatsu baƙi ƙirin kamar ranar da ya wanke su. Ya tsame rabin kainuwar don gajeruwar ta samu haske, ya bar sauran a gefe. Bayan salla hajiya ta zo. Ta leƙa na babban, warin ruɓa ya tarbe ta, ta ja mayafi ta rufe hanci. Ta tsaya a na ƙaramin ta daɗe, tana kallon ƙananan kifi suna shige da fice cikin saiwar kainuwa da ta zubo kamar gemu. Ta ce wannan dabarar ce ta fi burge ta. Ƙaramin ya ce, “Hajiya, ba dabarata ba ce. Yayana na bar wa shago, shi ya ga ciwon da ni na kasa magani. Allah ya saka masa da alheri.” Mutane suka juya suna kallon babban, suna sa masa albarka. Ya tsaya a tsakiyarsu, dole ya ce amin.

To kin ji. Ki koma ki duba ruwan akwatinki, ki bar leƙen na wani. Hausawa ba su faɗa a banza ba: hassada ga mai rabo taki ce.