Gajerar Waya

Karo na uku ke nan yana guntule wayar lasifika, har sai da ya jawo lasifikokin suka manne da na'urar. Tun ranar da matarsa ta ce waƙa ta fi daɗi a falon ƙanensa, kishi ya hana shi sakat. Ya lura wayar ƙanen gajera ce, ya rantse nan sirrin yake.

Ya kunna, ya tsare ta da ido. "Yanzu fa?"

"Maigida, ni duk ɗaya nake ji."

"To, da me ya fi ni?"

Ta yi ajiyar zuciya. "A can ana barin waƙa ta kai ƙarshe. Kai kuwa kullum a tsakiya kake kashewa ka gyara waya."