Layin da Ba a Gani

Alama ɗaya ce dai a gefen saƙon da ta tura wa 'yarta, ta ƙi zama biyu, wato bai isa ba. Rabi'atu ta girgiza wayar kamar kwalbar magani, ta ɗaga ta saitin tagar asibitin, ta sake dubawa. Shiru kake ji.

Bayan azahar za a shiga da ita tiyata. Jigilar da ta daɗe tana yi daga unguwarsu ta Misfala, a nan ƙasa mai tsarki, zuwa wankin ƙoda ta zo ƙarshe, don likita ya ce an samu mai ba ta ƙoda, wani bawan Allah da ya roƙi a sakaya sunansa. An kwantar da shi a hawan da ke saman nata. Ta nemi a kai ta ta yi godiya, aka ce bai yarda ba. Amma ba wuƙar likita ce ta hana ta sukuni ba, abin da bakinta ya furta ne.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Ikhlas. Bara yarinyar ta ce za ta ba da tata ƙodar, Rabi'atu ta rantse gara ta mutu. Yarinyar da ko haihuwar fari ba ta yi ba, a farke ta saboda tsohuwa? Aka bar maganar. To, ana sa ranar tiyata sai ga Ikhlas da labarin wai ita da mijinta sun riga sun yanki tikitin hutu zuwa tsibiran Maldif, kuma ba a ɗagawa. Hutu! Uwa na bakin kabari, 'ya na neman bakin teku.

"Je ki," in ji Rabi'atu a ranar. "Amma in na mutu ba kya nan, ban yafe ba."

Ikhlas ba ta musa ba. Ta dai ja hannun abayarta ta rufe audugar da ke manne a gwiwar hannunta, ta ce jini aka ɗiba na tafiya. Sannan ta shiga bayanin wani sabon layin waya na matafiya, wai shi eSIM: ba kati ba ne, ba a ganinsa, hoto kawai ake ɗauka ya shige cikin waya. Kiran yau da kullum ba ya shiga, bidiyo ba ya yi, sai dai saƙo da kiran murya ta intanet. Rabi'atu ta taɓe baki, ta ce layin aljanu ke nan.

Magana zarar bunu ce. Tun da aka kwantar da ita kalmar nan take cin ta. Hotuna sun yi ta zuwa, ruwa shuɗi shar, bishiyoyin kwakwa, bukkoki a kan teku, babu ko ɗaya mai fuskar Ikhlas. Kunya ce ta hana ta, in ji Rabi'atu a ranta, kuma ta yi daidai. Yau da safe fushin ya gudu ya bar ta da tsoro zalla. Idan ba ta farka ba fa? Haka za ta bar 'yarta da bakin uwa a ka har abada?

Ta aika saƙon murya. Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira.

Talatu, maƙwabciyarta da ke jinyarta, ba ta da wani amfani yau. Tun safe take fita wai alwala, alwalar da ba ta ƙarewa, ta dawo ido jajir. Abin da ya rage wa Rabi'atu na ɗebe kewa shi ne ladanin masallacin asibitin, wani tsoho da ba ya wuce kabbarar farko sai ya tsaya ya yi tari. Da shi take gane lokaci, kuma ta san ya kusa.

Ma'aikatan jinya suka turo gadon tiyata. Rabi'atu ta damƙe ƙarfen gadonta da hannu biyu.

"Wallahi ba inda za ni sai na ji muryar Ikhlas."

"Yaya Rabi, ki rufa mana asiri," in ji Talatu. "Mai bayarwa ya shirya, likitoci na jira."

"Su jira. Shi ma ya yi haƙuri."

Aka yi lallashi da Larabci, aka yi da Hausa, tsohuwa ta kafe. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in lokaci ya wuce sai dai a soke aikin. Talatu ta figi mayafinta ta fita da gudu-gudu, ko butar ba ta ɗauka ba.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Ummi?" Muryar ƙasa-ƙasa take, kamar mai magana cikin bargo. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, shabaka ba kyau a tsibirin nan, sabis ɗin sai a hankali."

"Ikhlas! Na janye, kin ji? Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka."

Sai shessheƙa. "Na gode, Ummi. Khalas, ya wuce, ki saki ƙarfen nan ki bi su. Kar ki sa bawan Allah jira."

Rabi'atu ta saki ƙarfen, zuciyarta ta yi sanyi. Ta buɗe baki za ta tambayi yadda teku yake, sai tsohon ladanin ya ɗaga murya a waje. Ya yi kabbarar farko, ya tsaya.

Tarin nasa sau biyu ta ji shi a lokaci guda, ɗaya ta taga, ɗaya ta cikin wayar da ke kunnenta. A hankali ta ɗaga ido ta kalli silin, inda a saman kanta mai kyautar ƙodar ke kwance tana cewa, "Ummi? Kina ji na?"